Garin Neman Ƙiba: Cinikin Ƙarin Mazaunai A Ikko Da Ɓarnar Da Ake Ɓoyewa

Akwai wata sana'a da ta kafu a Ikko da Abuja da Fatakwal a 'yan shekarun nan, wadda masu yinta ba su son a kira ta da sunanta na gaskiya. Su dai suna ce da ita BBL, haruffa uku na Turanci masu sauƙin faɗi, kamar sunan kamfanin motocin haya. Amma in za a warware wa mai karatu zare da abawa, ga abin da ake yi: a kwantar da mace a sa ta barci, a huda mata ciki da kwiɓi da gadon baya, a zuƙe kitsen da ke ƙarƙashin fata da wani dogon bututun ƙarfe, a tace shi, sa'an nan a ɗura mata shi a mazaunai domin su ƙara tudu. Wannan cikakken aikin fiɗa ne, irin wanda ake zubar da jini a cikinsa, ake kuma rasa rai. Amma wanda duk ya ga yadda ake tallarsa a Instagram da TikTok sai ya ɗauka kitso ne ko ƙunshi. Ga hoton jiya, ga hoton yau, ga ragin kuɗi saboda ƙarshen shekara, ga damar biya kaɗan-kaɗan. Hoton da ba a nunawa shi ne na bayan wata shida.

Watakila wani daga cikin 'yan Arewa mazauna Kurmi ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Wannan ai sha'anin 'yan wasan kwaikwayo ne da matan Lekki da Ikoyi. To, lalle mai wannan magana bai duba cikin gidansa da kyau ba. Wayar hannu ba ta san iyakar da ke tsakanin Lekki da Agege ba. Yarinyar da aka haifa a Idi-Araba ko Obalende ko Sabon Badun, abin da 'yar attajirin Ikoyi ke kallo da dare shi ita ma take kallo. An kuma daɗe da share wa wannan ciniki fili a tsakanin Hausawa. Tun kafin a ji sunan BBL ake sayar da ƙwayar nan da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, wadda ke kumbura fuska ta jawo hawan jini da ciwon sukari. Ana sayar da cikon nan da mata da kansu suka raɗa wa suna a-cuci-maza. Masu kayan mata kuma kullum cikin alkawarin garin da zai ciko da ƙugu cikin mako biyu suke. Wadda ta sha garin bai yi ba, ta haɗiyi ƙwayar ba ta gamsu ba, in kuɗi suka shigo hannunta, taki ɗaya ya rage tsakaninta da teburin fiɗa. Sa'an nan kuma Ikko ita ce masauki. Mai zuwa daga Arewa da niyyar wannan aiki a gidan 'yan'uwa takan sauka, ta ce ta zo sarin kaya ko ganin likita, ba wanda zai san gaskiyar magana sai ran da abu ya ɓaci.

MAHAUTA SUN SAN KITSE

Maganar da ake fara jawo mace da ita ita ce: ai kitsenki ne, ba baƙon abu ba ne, jikinki ba zai ƙi shi ba. Tana da daɗin ji, kuma rabinta gaskiya ne, shi ya sa take cin mutane. Amma a je mayankar Oko-Oba a Agege a tambayi kowane mahauci abin da ke samun kitse in an raba shi da jikin dabba. Kitse nama ne mai rai. Ƙananan ƙwayoyi ne jingim, kowace tana samun abincinta daga wasu siraran jijiyoyin jini da ido ba ya gani. Da zarar bututu ya fizgo shi, an tsinke waɗannan jijiyoyi ke nan. Abin da ke cikin kwalbar likita nama ne da aka yanke wa hanyar abinci, yana jiran ɗayan biyu: ko ya sami sabon jini cikin 'yan kwanaki, ko ya mutu.

Dashe ne, watau, kamar na albasa a fadama, kuma ba kowane dashe ke kamawa ba. A sabon wurinsa kitsen yana rayuwa ne da ɗan abin da ya tsotsa daga naman da ke kewaye da shi, kafin sababbin jijiyoyi su tsiro su shiga cikinsa. Wannan tsotso kuwa ba ya nisa, bai wuce kamar milimita biyu ba, kaurin ƙwayar gero ke nan. Duk kitsen da ya fi haka nisa da nama mai jini, ba abin da zai kai gare shi. Likitoci ba yau suka san wannan ba. Wani likitan fiɗa Bajamushe mai suna Gustav Neuber, wanda ya yi dashen kitse tun a 1893 domin cike wani tabo a fuska, a lokacin nan ya lura cewa ƙananan gutsattsari ke kamawa, manya kuwa lalacewa suke yi. Shi ya sa ƙwararre ke zuba kitsen siriri-siriri, layi bisa layi, yana cin lokaci. Duk da haka an saba ganin kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci har rabi, ya narke jiki ya shanye shi cikin 'yan watanni. To, mai gaggawa fa, wanda mata huɗu ke jiransa a waje? Shi ma ya san wani zai narke, saboda haka sai ya ɗura fiye da kima, ya cusa shi dunƙule-dunƙule domin hoton ranar farko ya yi kyau. Tsakiyar kowane babban dunƙule kuwa mushe za ta zama, ko an so ko an ƙi.

Mataccen kitse in kaɗan ne jiki kan share shi da kansa. In ya yi yawa sai ƙwayoyin su fashe, man da ke cikinsu ya taru wuri ɗaya, jiki ya kewaye shi da wata fata mai tauri, ya zama jakar mai a cikin nama. Wani ya daskare ya zama ƙullutu, a taɓa a ji kamar goro, wani kamar ƙwan kaza. In an daɗe alli ya taru a jikinsa ya yi tauri kamar tsakuwa. Fata ta lotsa a nan ta yi tudu a can, gefe ɗaya ya fi ɗaya girma. Wadda abin ya yi wa tsanani takan ji zafi duk sa'ad da ta zauna, har zaman tahiya ya nemi gagararta. Wani lokaci jakar ta ɓulle ta inda aka huda, a wayi gari wani ruwa rawaya mai maiƙo yana ɓata zane, mako bayan mako. Kuma duk wannan ba ranar fiɗa yake bayyana ba. Sai bayan makonni ko watanni, lokacin da an riga an biya kuɗi, an ɗauki hoto, an yi talla da shi an jawo waɗansu. Maganinsa kuwa, ko a zuƙe da allura, ko a sake yankawa a ciro, kowane yanka kuma yana barin rami da tabo a daidai wurin da aka zubar da dukiya domin a ƙawata. Baƙar fata kuma an san ta da yin tabon nan mai tudu wanda ke ci gaba da girma bayan rauni ya warke.

Wannan duk mai sauƙi ne in ba a sami shigar ƙwayoyin cuta ba. Mataccen nama a wuri mai ɗumi, kusa da mafitar bayan gida, ba abin da ƙwayoyin cuta ke so kamarsa. Magani kuma, na sha ne ko na allura, ta jini yake tafiya. Inda jini ba ya zuwa, magani ba ya zuwa. Sai mugunya ta taru a can cikin nama, zazzaɓi ya tashi, dole a tsaga a matse a bar rauni a buɗe ana wankewa kullum. Akwai kuma cutar nan mai cin nama, wadda ke bin ƙarƙashin fata cikin sa'o'i kaɗan, wadda ba ta da magani sai a yanke duk inda ta taɓa, in an yi jinkiri ta shiga jini ta kashe. Akwai wata ƙwayar kuma, dangin ta tarin fuka, mai zama a cikin ruwa da kayan aikin da ba a dafa sosai ba. Ita ba ta nuna kanta sai bayan makonni, kuma magungunan da aka saba ba su jin ta, sai an haɗa iri biyu ko uku an yi watanni ana sha. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi sawun irin wannan ƙwaya a jikin matan da suka je gyaran jiki a Jamhuriyar Dominika a 2013 da 2014. Mai karatu ya san yadda sha'anin ruwa da wutar lantarki yake a Ikko. Sai ya tambayi kansa, gidan haya da aka mayar asibiti a bayan layi, da me yake dafa bututunsa tsakanin mace ta biyu da ta uku?

Kada kuma a manta da inda aka ɗebo kitsen. Can ma fata kan yi gargada, ta ƙame, ruwa ya taru a ƙarƙashinta, wani wuri ya yi baƙi ya mutu. Bututun kuma a makance ake tura shi, in ya kauce ya shige ciki sai ya huda hanji. 'Yan Nijeriya ba su bukatar a je nesa domin kawo misali. Uwargidan Shugaban Ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu ran 23 ga Oktoba, 2005, bayan aikin zuƙar kitse a wani asibitin kuɗi a Marbella ta ƙasar Sifen, saura 'yan makonni ta cika shekara 60. A 2009 wata kotu a Malaga ta tabbatar da cewa bututun ya huda mata hanji, ta yanke wa likitan ɗaurin shekara ɗaya, ta hana shi aiki na shekara uku. Ita zuƙar kaɗai aka yi mata, watau rabin farko na aikin da ake magana a kansa. In matar shugaban ƙasa, a Turai, ba ta tsira ba, 'yar mai sayar da tumatir a Mile 12 da me ta dogara?

KITSE A CIKIN HUHU

Abin da ya sa likitocin duniya suka tsorata da wannan aiki fiye da sauran ayyukan gyaran jiki shi ne mutuwar farat ɗaya. A ƙarƙashin babbar tsokar mazaunai akwai manyan jijiyoyin jini masu komawa zuciya, bangonsu sirara ne. In bakin bututu ya nutse cikin tsoka ko ƙarƙashinta, yana iya yage ɗaya daga cikinsu, kitsen da ake turawa da ƙarfi kuma ya sami ƙofa a buɗe. Daga nan sai ya bi jini ya haura ta ciki zuwa zuciya, zuciya ta tura shi huhu, ya toshe hanyar jini kamar yadda tsumma ke toshe kwata. Numfashi ya ɗauke, zuciya ta tsaya, sau da yawa mace tana kan tebur, ko cikin 'yan sa'o'i bayan an sauko da ita. Gudan jini akwai allurar narkar da shi. Gudan kitse ba shi da irin wannan allura.

A 2017 wani kwamitin likitocin gyaran jiki na Amurka ya buga sakamakon tambayoyin da ya yi wa likitoci a ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin 3,000 ke mutuwa a wannan aiki. Ba wani aikin kwalliya da ya kai wannan adadi. A 2018 manyan ƙungiyoyin likitocin suka fitar da gargaɗi tare, suna cewa a gawarwakin da aka buɗe an iske kitse a cikin tsoka ko ƙarƙashinta, saboda haka kada wanda ya sake wuce ƙarƙashin fata. Da aka sake tambaya, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna adadin ya sauko zuwa kusan ɗaya cikin 15,000. Masu talla na son wannan lissafi na biyu ƙwarai, amma ba su faɗin cewa ƙwararrun da suka yarda suka amsa tambaya ne aka ƙirga. Mai asibitin bayan layi ba ya cika takardar kowa. A kudancin jihar Florida, inda likitan gawa ke buɗewa ya duba, an sami mata 25 da kitse ya toshe wa huhu tsakanin 2010 da 2022, kashi 92 cikin ɗari kuwa a asibitocin araha masu yawan ciniki aka yi musu aiki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuma ta ba da rahoto a 2024 cewa Amurkawa 93 suka mutu bayan aikin gyaran jiki a Jamhuriyar Dominika daga 2009 zuwa 2022, kuma a cikin gawarwakin da aka bincika fiye da rabi kitse ne ya kashe su.

Da waɗannan ƙasashe suka ga haka ba su naɗe hannu ba. Ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Ingila ta shawarci 'ya'yanta a 2018 da su daina aikin ɗungum, ba ta sassauta ba sai a 2022, shi ma bisa sharaɗin a tsaya a ƙarƙashin fata kuma a riƙa kallon bakin bututu da na'urar sikanin yayin da ake aiki. Hukumar likitoci ta Florida ta haramta zuba kitse cikin tsoka a 2019, a 2022 kuma ta fitar da dokar gaggawa wadda ta wajabta na'urar sikanin, ta kuma hana likita ɗaya yin fiye da uku a yini, domin an gane gajiya da gaggawa su ke sa hannu ya kauce.

A NAN FA?

A 2020 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta rufe wani asibitin gyaran jiki a Ikko bayan ƙorafe-ƙorafen da suka cika gari. Shari'ar ta ci shekara huɗu. A 2024 Babbar Kotun Tarayya ta sami likitar da laifi, kuma laifin da aka kama ta da shi shi ne ƙin amsa kiran hukuma, hukuncin kuwa ɗaurin shekara ɗaya ko tarar naira 100,000. Kowa ya auna wannan kuɗi da abin da ake karɓa a kan mace ɗaya. Wanda ke shirin buɗe irin wannan wuri gobe, in ya karanta wannan hukunci, tsoro zai ji ko ƙwarin gwiwa?

Matan Florida an san adadinsu ne domin an buɗe an duba an rubuta. Bahaushiya kuwa in ta cika da safe, kafin la'asar an kai ta makwancinta, kamar yadda aka saba, sanarwa kuma ba ta wuce gajeruwar rashin lafiya ba. Dangi ba za su kai ƙara ba, domin kai ƙara tonon asiri ne. Wadda ta rayu da ciwo ita ma shiru za ta yi, domin ciwon a wurin da ba a nunawa yake. Kunyar nan ita ce babban jarin masu wannan ciniki. Ba wata sana'a a ƙasar nan da ta yi sa'ar abokan ciniki irin waɗannan, waɗanda in an cuce su su ne za su fara ɓoye shaida.

Masu kare sana'ar suna da amsa biyu. Ta farko, jikinta ne, kuɗinta ne, ita ta kawo kanta, ta kuma sa hannu a takarda. To, amma yarda ba ta zama yarda sai da sani. Wadda aka ce wa cikin mako biyu za ta koma harkarta, ba a gaya mata jakar mai ba, ba a gaya mata cewa in ta yi ƙiba ko ta sami ciki kitsen da aka dasa shi ma zai ƙaru ta yadda ba ta zata ba, ba a tambaye ta ko tana da sikila ko ciwon sukari ko tana shan shisha ba, wannan hannun da ta sa a takardar Turanci ana saura rabin sa'a a shiga da ita ba abin da ya wanke. Ko a kasuwar shanu, dillalin da ya ɓoye aibin sa ana warware cinikinsa.

Amsa ta biyu ita ce, a je wurin ƙwararre. Wannan kam akwai gaskiya a cikinta, ba a musu. A hannun likitan da ya san aikinsa, mai likitan sa barci na sosai, mai na'urar sikanin, mai jini a ajiye da ɗakin kulawa ta musamman, haɗarin yana raguwa ƙwarai, ko da yake ba ya gushewa. Amma yaya mace za ta gane ƙwararre? Kowa Dakta ne a Instagram. Likitan gyaran jiki na gaskiya, bayan digirinsa na likita, sai ya ƙara shekara biyar zuwa shida ko fiye yana koyo a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin ko ta Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma. Wani kuwa ya je kwas na 'yan makonni a ƙasar waje ya dawo da takarda mai zanen zinariya ya rataye a bango. Shi ne mai araha, shi ne mai yawan mabiya, shi ne kuma wanda mai ƙaramin ƙarfi za ta iya biya. Araha dai ba ta ado. Ka'idojin aikin likita a Nijeriya sun hana likita tallar kansa kamar mai sayar da atamfa, akwai kuma hukumar tarayya mai kula da tallace-tallace. Amma ga 'yan mata masu dubban mabiya, waɗanda aka yi wa aiki kyauta ko da rangwame, suna juyi gaban kyamara suna ba da lambar waya, ba wanda ya ce musu kanzil. Waɗannan dillalai ne, sai a kira su da sunansu, kuma dillali yana da rabo a alhakin kayan da ya sayar.

Maza kuma kada su karanta wannan suna gyaɗa kai kamar ba da su ake ba. Mace ba ta kai kanta ga wuƙa haka kawai. Mijin da ke zaune da waya yana nuna wa matarsa hoton wata yana cewa dubi mata, wanda ke yi wa uwar 'ya'yansa biyar gori da ramar da haihuwa da aikin gidansa suka jawo mata, wanda ya mayar da zancen kishiya bulala, shi ne ya fara kama hannunta zuwa asibitin. Wani ma shi ke biya. Malamai sun daɗe da rarrabewa tsakanin gyaran lahani da sauya halitta lafiyayya don bin yayi, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ma ta tsaya a kan wannan bambanci a zamanta na ƙasar Malesiya a 2007. Amma wa'azin da ya tsaya a kan mata kaɗai, ya tsallake mai gorin da ke sahun gaba, bai kai inda ciwon yake ba.

Wani abin takaici kuma, wannan ilmi na dashen kitse da gyaran fata ilmi ne mai daraja. Da shi ake gyara wanda wuta ta ƙona, da jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, da matar da aka yanke wa mama saboda ciwon daji. A Sakkwato akwai asibiti sukutum domin yaran da cutar noma ta cinye wa fuska, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, likitocinta na wannan fanni ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Kowace sa'a da ɗayansu ya ɓata yana kwashe ruɓaɓɓen kitsen da wani ɗan kasuwa ya cusa, an ɗauke ta ne daga wani mai ƙuna da ke kwance a Igbobi.

Abin da ake bukata ba sabon abu ba ne, waɗansu sun riga sun yi, kwafa kawai za a yi. Hukumar Likitoci ta Ƙasa ta fito fili ta bayyana wanda ya cancanci yin wannan aiki, ta sa sunayensu inda kowa zai duba a wayarsa. Hukumar HEFAMAA ta Jihar Ikko, wadda aikinta ne ba asibitoci lasisi da duba su, kada ta bar wurin da ba shi da likitan sa barci da na'urar sikanin da hanyar kai mara lafiya babban asibiti cikin gaggawa ya taɓa wannan aiki, ta kuma ƙayyade adadin da za a yi a yini. A wajabta kai rahoton duk mutuwar da ta auku bayan irin wannan fiɗa. Tarar kuma ta zama wadda za ta sa mai asibiti ya kasa barci. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, da shugabannin ƙungiyoyin mata da malaman Islamiyya, suna da bakin da hukuma ke saurara lokacin zaɓe. Ga wurin da ya dace su yi amfani da shi.

Saura wadda ta riga ta yi, domin ita ma tana cikin masu karanta wannan shafi, ko wata 'yar'uwarta. Ba lokacin faɗa ba ne, lokacin lura ne. Likitoci kan hana zama a kan wurin har mako biyu ko fiye, domin nauyin jiki na matse sababbin jijiyoyi ya kashe dashen. Saboda haka hawa motar dare daga Ikko zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita 1,000 a zaune wuri ɗaya, ganganci ne iri biyu: yana kashe kitsen, yana kuma sa jini ya daskare a ƙafa ya tafi huhu. Numfashi sama-sama, ko ciwon ƙirji, ko ruɗewa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, waɗannan ba a kwana da su. Haka zazzaɓi, da zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, da fatar da ta yi zafi ko ta sauya launi, da ruwa mai wari. Ƙullutun da ya fito daga baya kada a kai shi wurin wanzami ya yi ƙaho, kada mai kemis ya huda shi, kada a gasa shi da ruwan zafi ko a bar mai tausa ta murje shi, domin wannan na iya fasa jakar ko ya shigar da cuta. A nufi asibitin da ke da sashen gyaran jiki, kamar asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja, ko Igbobi, ko babban asibitin koyarwa na Badun. A kuma gaya wa likita gaskiya tun daga bakin ƙofa: ranar da aka yi aikin, da inda aka ɗebo kitsen, da yawan da aka zuba in an sani, da duk maganin da aka sha tun daga ranar.